'Yata tana bakin kamuwa da ciwon suga, ina zan samo mata awa guda ta motsa jiki?

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki.

Ni uwa ce a Zariya, babbar 'yata shekararta 12. Tun bara na lura bayan wuyanta da hammatarta sun yi baƙi. Na ɗauka dauɗa ce, na yi ta dirje ta da soso ina mata faɗa, abin da har yau yake ci mini rai. Wata nas ce ta gani, ta sa muka yi gwajin jini da safe kafin ta karya. Sugan jininta ya nuna 6.3. Ta zaunar da ni ta ce daga 5.6 zuwa 6.9 ciwon bai kama mutum ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Likita, wannan ciwon ne ya sa aka yanke wa mahaifina ƙafa, shi ya sa hankalina ya tashi.

Nas ɗin ta ce a rage zaƙi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki aƙalla minti 60 kullum. To a nan gizo yake saƙar. Da sassafe ɗan adaidaita zai kai ta boko, ta dawo ƙarfe 2, ta ci abinci, sai Islamiyya har kusan magariba, da dare ga aikin makaranta. Duk a zaune. Babanta ya ce ta girma, ba ta ƙara fita gaɗa ko 'yar gala-gala a waje, kuma na fahimce shi. Gidan haya muke, tsakar gidan ko tabarma uku ba ta ɗauka. Ita kuma Hajiya, surukata, ƙiba a wajenta alamar lafiya ce, kullum da fanke da lemon kwalba take tarbar jikarta, ni kuwa ba na iya ɗaga mata murya.

Shin shara da wanki da ɗiban ruwa suna shiga cikin lissafin? Zan iya raba mata shi minti 20 sau uku? Tsallen igiya ba zai cutar da gwiwarta ba, tunda tana da nauyi? Bayan wata nawa ya kamata mu sake gwajin?

Abin da ya fi damuna shi ne, tun da aka fara maganar nan ta koma cin abinci a ɓoye, ga 'yan ajinsu suna tsokanarta da ƙiba. Da wane baki zan yi mata magana, Likita, ba tare da ta ji na tsani jikinta ba?

Taka mai sauraro,
Uwar yara huɗu, Zariya