Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakatariyar Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne bitar gane alamomin yaron da ake tsangwama a gida, wadda muka shirya wa malaman nazare da na Islamiyya ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara. Zaure ya cika har wasu suka tsaya a bakin taga. Ma'aikaciyar jinyar da muka gayyato ta kawo binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da UNICEF suka yi a 2014: yarinya ɗaya cikin shida da yaro ɗaya cikin biyar sun sha kyara, gori ko tsangwama daga iyaye ko masu riƙonsu. Irin wannan cuta ba ta barin tabo a jiki, sai dai a gan ta a halin yaro. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Mai surutu ya yi tsit, da an ɗaga murya ya firgita. Wani ya manne wa baƙon da bai sani ba, amma in mai ɗaukarsa ta iso sai ya noƙe. Da ta zo kan yarinyar da ke zagin 'yartsanarta da kalmomin manya, sai malamai suka fara kallon juna, don kowa ya taɓa gani ya ɗauka wasa ne. Ta kuma ja kunne cewa alama ɗaya ba hujja ba ce: a lura, a rubuta, a tambayi yaro cikin lallashi, kada a tunkari uwa da zargi. Har yau malamai na kiranmu neman shawara, musamman kan 'yan riƙo da agololi.

Ziyarar gida-gida kuwa ba a yi ta ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sakaci. Da me za a biya kuɗin mota? Takardar alamomin da muka yi alkawarin raba wa makarantu tana hannun mai bugawa, ya ƙi saki sai an cika masa. Ni da ma'aji mun bi gidaje karɓar kuɗin da ƙungiya ke bin 'yan'uwa har kunya ta kama mu, wasu ko waya ba sa ɗagawa, amma ranar rabon atamfa ba a rasa kowa. Hajiyoyinmu manya, ku taya mu magana.

Duk wadda ake bin ta bashi ta kai wa ma'aji kafin taro mai zuwa, mu karɓo takardun kafin a koma hutu.