A kawo binciken ƙananan halittu bakin gareji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan baƙin mai.

Ni makanike ne a Zariya. Ƙasar garejinmu ta yi baƙi ƙirin, ko ƙaiƙayi koma kan masheƙiya bai kai wannan ba, domin da hannunmu muke tsiyayar da man inji a ƙasa. Ko ciyawa ba ta tsirowa a wurin. Da damina kuma ruwa ya wanke shi ya bi kwata ya gangara rafi, alhali a bakin Kubanni da Galma ake noman tumatir da latas ɗin da muke saya.

Ɗan yayana da ke karatun ilimin ƙananan halittu ne ya buɗe mini ido. Ya ce akwai bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin su Pseudomonas da Bacillus da ke cin mai kamar abinci, su mayar da shi ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi. Ba sai an sayo su daga waje ba, suna nan cikin ƙasar. Yunwar taki da rashin iska ne ke hana su aiki. In aka zuba kashin kaji ko na shanu, ana juya ƙasar da fartanya, ana yayyafa ruwa, sai su yi yawa su kama ci. Na yi dariya da farko, wai kashin kaji! Ashe ko a Alaska ta Amurka, da jirgin Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a 1989, har da taki aka zuba a gaɓar teku don wannan dalili. Sai dai aiki ne na haƙuri: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran yankin Ogoni na Jihar Ribas, da malalar mai ta ɓata, zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Amma kada a ruɗe mu. Bakteriya ba ta cinye dalma. A Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, sai da aka kankare saman ƙasa aka binne, aka kawo sabuwa. Mu ma muna fasa tsofaffin batura masu dalma a ciki a gareji, don haka ganin ciyawa ta tsiro ba ya nufin a shuka alayyafo. Sai an gwada ƙasar.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken noma ta Samaru, ga ta binciken sinadarai a Basawa, duk a garin nan. Roƙona ga malamanmu, Allah Ya ƙara musu basira, su zaɓi gareji guda su gwada abin a gabanmu, su faɗa mana da Hausa: buhun taki nawa, sau nawa za a juya, wata nawa za a jira. In babu wurin gwaji, namu a buɗe yake, fartanya kuma muna da ita.

Naku,
Wani makanike,
Tudun Wada, Zariya