Roƙon Tallafi Domin Sojojinmu da ke Bakin Daga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin masallaci na sanar da iyayenmu maza da mata, da malamanmu, da matasa, da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, cewa mun buɗe asusun haɗa ƙunshin kaya domin sojojin da aka tura aiki nesa da gida. A cikinsu akwai waɗanda a gabanmu suka girma, sahu ɗaya muke tsayawa da iyayensu. Akwai kuma waɗanda ko sunansu ba mu sani ba, amma tanti ɗaya suke kwana da namu. Ƙunshin na kowa ne a rundunar, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin bai dace a tsallake mutumin da ke gadin ɗanka yana barci ba idan an zo rabo.

Tun a zaman farko wani dattijo ya tambaya, shin wannan ba hakkin gwamnati ba ne? Hakkinta ne, babu ko tantama. Kaki da takalmi da abinci da albashi da magani duk suna wuyan hukuma, kuma ƙunshinmu ba zai sauke mata ko ɗaya ba. Mai son ya ci gaba da matsa wa hukuma lamba a kan haka, muna tare da shi. Sai dai akwai abin da babu siton barikin da ke rabawa, wato shaidar cewa mutanen gida ba su manta da kai ba. Wannan sai daga hannunmu.

Rundunonin duniya sun daɗe da gane haka. A 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Gimbiya Mary ta Ingila, tana 'yar shekara 17, ta roƙi jama'a su tara kuɗin aika wa sojoji kyauta, aka tara sama da fam 160,000, aka ƙera 'yan akwatunan tagulla aka cika su. Abin da ya burge mu a labarin shi ne ba a zuba wa kowa abu iri ɗaya ba. Mai shan taba an sa masa taba, wanda ba ya sha an ba shi kayan rubuta wasiƙa da alewa, sojojin Indiya da yawa kuma aka haɗa musu da kayan ƙamshin girki, gwargwadon abin da suka saba da shi. A 1945 ma, da wasiƙu da ƙunshin sojojin Amurka suka taru miliyoyi a ɗakunan ajiya na birnin Birmingham na Ingila ba a raba ba, bataliya guda ta mata sama da 800 aka tura, ƙarƙashin Manjo Charity Adams. An ba su wata 6 su warware, suka gama cikin wata 3. Hafsoshin ba don tausayi kaɗai suka yi haka ba. Sun lura cewa sojan da ya daina jin labarin gida gwiwarsa sanyi take yi.

To, me za a sa a ciki? Na farko safa ce, kuma kada a yi dariya. Sojan da ya wuni ya kwana ƙafarsa na cikin takalmi, ga gumi ga ruwan sama, jini na raguwa a ƙafar, ta yi sanyi ta mutu, ta kumbura, fata ta fara saɓulewa. Idan abin ya yi nisa har yanke yatsu ake yi. Wannan ciwo ya kwantar da dubban sojoji a ramukan yaƙin 1914 zuwa 1918, kuma har gobe rigakafinsa bai wuce a wanke ƙafa, a busar da ita, a sauya busasshiyar safa ba. Saboda haka muna roƙon sababbin safa masu kauri, baƙi ko ruwan ƙasa, da hodar ƙafa. Bayan su sai sabulun wanka da na wanki, buroshi da man goge baki, reza, abin yanke farce, man shafawa, man leɓe, maganin sauro na shafawa, singileti da gajeren wando, ƙaramar tocila, allura da zare, biro da littafin rubutu. Abin ci kuma sai busasshe wanda ke rufe cikin ledarsa ta kamfani, mai sauran watanni kafin wa'adinsa ya ƙare. Kada a manta akwai mata a cikin sojoji. Iyayenmu mata sun fi mu sanin abin da ya kamata a tanadar musu, su muka bar wa wannan ɓangaren.

Akwai abin da ba za mu karɓa ba, kuma muna roƙon kada ran kowa ya ɓaci idan an mayar masa. Dafaffen abincin gida ba ya jure tafiya, kaya kan yi makonni a hanya cikin zafi. Gwangwanin fesawa, na turare ne ko na maganin sauro, yana iya fashewa. Batirin cajin waya mai sinadarin litiyam yana da dokoki masu tsauri a jirgin sama saboda yakan kama da wuta. Kwalba na fashewa, abin ruwa na tsiyaya ya ɓata kayan wasu, ƙwayoyin magani kuma aikin likitan runduna ne. Tsofaffin tufafi a ajiye su don wata sadakar.

Gaskiyar magana, kuɗi ya fi mana sauƙin sarrafawa. Da shi ake sayen kaya a sari iri ɗaya, yadda wani ba zai buɗe nasa ya ga ya fi na abokinsa ba, da shi kuma ake biyan kwali da dako, wanda masu bayarwa kan manta da shi alhali yana cin kaso mai tsoka. Duk abin da aka kawo za a rubuta shi, a ba mai shi rasit, mutum biyu su sa hannu. Babu ɗan kwamitin da zai karɓi ladan aiki ko kuɗin mota daga asusun. Idan an kammala za a liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa, kowa ya karanta.

Kaso ɗaya cikin uku na kuɗin ba zai bar gida ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu bin Khalid cewa Annabi (SAW) ya haɗa ladan wanda ya shirya wa mai fita fagen fama guzuri da na wanda ya tsaya masa a kan iyalinsa da alheri. Matar da aka bari da yara da kuɗin makaranta da mara lafiya, da gwauruwar da mijinta bai dawo ba, su ne za su amfana da wannan kason, a asirce, ba tare da an kira sunan kowa a lasifika ba.

Malaman makarantarmu za su taimaka wa yara su rubuta gajerun wasiƙu, a sa ɗaya a kowane ƙunshi. Gaisuwa da addu'a sun wadatar. Ban da adireshi, ban da lambar waya, ban da tambayar mutum nawa ya kashe, ban da siyasa.

Kayan za su bi ta ofishin kula da walwalar sojoji ne, su duba su kai da kansu, ba za mu damƙa wa wani direba don an san shi ba. Muna kuma jan kunnen iyalai da matasa: kada a rubuta sunan sansani ko ranar tafiyar runduna a Facebook ko WhatsApp, ko da niyyar neman addu'a ce. A 2018 wata manhajar motsa jiki mai suna Strava ta fallasa taswirar sansanonin soja a ƙasashe daban-daban, ba don komai ba sai don sojoji na gudun safe da na'urorin da ke nuna inda suke.

Wanda ke ganin abin hannunsa ya yi kaɗan, ya tuna shirin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira. Sayyidina Usman ya kawo raƙuma da dinare dubu, wani talaka kuma ya kawo abin da bai wuce sa'i ba, munafukai suka yi masa ba'a, Allah ya saukar da aya ta 79 ta Suratut Tauba yana kare shi. Safa ƙafa ɗaya ko sandar sabulu guda, mun karɓa. Marar ko ɗaya ya zo da ƙarfinsa ranar ɗauri, muna buƙatar masu tantancewa, masu shiryawa, masu rubutu a kwali da masu ɗauka.

Ana karɓar kuɗi a hannun ma'aji bayan sallar Juma'a, kaya kuma a ofishin kwamiti kullum tsakanin La'asar da Magariba. Za a rufe karɓa ranar Juma'ar ƙarshen wannan wata, a yi ɗauri washegari da hantsi. Iyalin da ke da nasu a bakin daga su sanar da sakatare shi kaɗai.

Allah ya tsare su, ya dawo da su lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa kowa da alheri.

Wassalam.
Sakatare, a madadin Kwamitin Masallaci.