Zuwa Ga Auta, Kan Batun Awo

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yayarki ta isar min da albishir, na san kunya ce ta hana ki faɗa min da bakinki. Allah ya raba lafiya. Ta ce kun kasa tsai da shawara kan inda za ki riƙa zuwa awo: shi yana son asibitin kuɗi don kada ki sha wahalar layi, ke kuma kina tausayin aljihunsa.

Kada dai shawarar ta ci muku lokaci. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin cikin ya wuce mako 12. Mu a zamaninmu ɓoyewa muke yi har sai zani ya tona mana asiri. Kada ki bi sahunmu a nan.

Awon kansa kusan ɗaya ne ko'ina: a auna hawan jini, a gwada fitsari da jini, a yi miki allurar tetanus, a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, bayan wata uku a fara ba ki Fansidar saboda zazzaɓin cizon sauro. Mijinki kuma bai yi ƙarya ba. A asibitin gwamnati za ki fita da sassafe, ki ajiye kati, ki zauna a benci har azahar, ga yajin aiki da ba ya sallama.

Amma ni ba ranar awo ce ke hana ni barci ba, daren haihuwa ne. Mai cikin fari ta fi saurin gamuwa da hawan jini da jijjiga, naƙudarta kuma takan yi tsawo. Kin tuna ’yar maƙwabciyarmu? Wani ƙaramin asibitin kuɗi take zuwa, tsaf-tsaf, ga fara'a, ga ruwan sanyi. Da naƙuda ta gardama wajen ƙarfe biyun dare, babu likitan tiyata, babu jini, sai suka rubuta takarda suka ce a wuce babban asibiti. Ni na riƙe kanta a bayan Adaidaita Sahu, hijabina ya jiƙe sharkaf da guminta. Can kuma ba su da tarihin cikinta, aka sake komai daga farko. Allah ya yi da sauran kwana.

Akwai asibitocin kuɗi na ƙwarai, ban musa ba. In can ya nace, ku tambaye su kai tsaye: likitan mata yana kwana? Suna tiyata da dare? Ina suke samo jini, nawa ne kuɗin aikin? In suka fara kame-kame, ku tashi.

Ra'ayina, ki yanki kati a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa da ku. Kuɗin da ya ware kuwa ya adana don ranar, ya kuma san ’yan uwan da za su ba da jini tun yanzu. Hoton ciki kina iya yi a waje in layin ya yi yawa.

In kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kina gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko kika ga jini ko ɗigo ne, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, kada ki jira ranar awo.

Ranar Alhamis zan shigo in Allah ya yarda, mu je yankar katin tare. Zan taho miki da zogale da gidan sauro. Ki gaida Hajiya da kyau.

Mahaifiyarki