Wasiƙa daga Buffalo: A gaya wa masu tahowa gaskiyar sanyin ƙasar nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaishe ka da aiki, ina gaida ma'aikatanka da masu karatu baki ɗaya. Daga Buffalo nake rubuto wannan takarda, wani gari ne a jihar Niyok ta Amurka, can bakin iyakar Kanada. Abinda yasa na ɗau alƙalami shine, kullum ana ta kawo mana labarin biza da sukolashif da yadda ake samun gurbin karatu a waje, amma ban cika ganin wanda ya zauna ya gaya wa yaran nan da iyayensu me ake nufi da sanyi a nan ba, sai kaga yaro ya sauka a filin jirgi tsakiyar Janairu da suwaitar gwanjo ta Ƙofar Wambai da takalmin kambas, shi a tunaninsa ya shirya tunda ya sha hunturun Kano ko na Damagaram. Wallahi Malam abin yana damuna, domin sanyin nan rai yake ɗauka, kuma baƙo da talaka ya fi ɗauka.

Garin namu yana ƙarshen tafkin Erie ne ta gabas, tafki ne dogo mai tsawon kusan kilomita 390. Farkon sanyi ruwan tafkin bai riga ya daskare ba yana da sauran ɗumi, to idan iska mai tsananin sanyi ta biyo tsawonsa sai ta kwaso tururi ta zo ta juye mana shi a matsayin dusar ƙanƙara, kuma a siririn layi take zuwa, unguwa ɗaya an binne motoci har rufi, ka matsa gaba kaɗan kaga rana ta fito mutane na harkarsu. A Nuwamban 2022 garin Orchard Park da ke kudu da mu sun samu inci 81, wato sama da mita biyu, cikin 'yan kwanaki, har sai da aka ɗauke wasan ƙwallon ƙungiyar garinmu Buffalo Bills aka kai birnin Detroit. Amma guguwar dusar da har yanzu in aka ambace ta jikin mutane ke mutuwa ita ce ta Disamban wannan shekarar. Ranar Juma'a 23 ga wata ta fara, awa 37 cur ana guguwa ba a ganin komai, iska na gudun sama da kilomita 110 a awa, a filin jirgi an auna dusa wajen inci 52. Motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana su kansu sun maƙale a hanya, ka kira lambar gaggawa 911 a ce maka babu mai iya zuwa. Mutum 47 suka rasu a yankin nan, Allah ya jiƙan musulmin ciki.

In ka duba yadda suka rasu zakaji tausayi. Wasu a cikin mota aka same su, wasu a kan titi dusa ta rufe su, wasu a cikin gidajensu bayan an ɗauke wuta babu ɗumi, wasu zuciya ce ta buga suna kwasar ƙanƙara, wasu kuma rashin lafiya ce ta taso ba motar da zata kai su asibiti. Har da wani matashi ɗan Afirka da ya zo gudun hijira, ya fita nemo kayan abinci bai dawo ba. An sa dokar hana tuƙi da ƙarfe tara da rabi na safiyar Juma'ar, lokacin kuwa masu aikin awa-awa tuni sun fita, ga shi ana jibi Kirsimeti, kuma Juma'a ce ranar da mutane da yawa ke karɓar albashi, wanda bashi da kuɗin tara abinci tun farkon mako dole sai ranar zai fita cefane. Mai aikin ofis ya zauna a gida da kwamfutarsa, mai wankin tsofaffi da mai lodi a sito da mai kai saƙon abinci su ne a kan titi, kuma mu 'yan Afirka irin aikin da akasarinmu ke yi kenan.

Shi yasa nake roƙon 'yan uwa na gida, iyayenmu da yayyenmu, dan Allah idan ɗanku ya ce wannan satin bai fita aiki ba saboda ƙanƙara ku yarda dashi. Na san yadda abubuwa suke a gida, na san kuɗin makaranta da na asibiti basa jira, amma na ga yaro da idona yana ɗaura takalmi zai fita kai saƙo ana tsaka da gargaɗin guguwa saboda an bugo masa waya tun asuba ana maganar kuɗin biki. Hoton da kuke gani a Facebook yana tsaye cikin farar ƙanƙara yana murmushi minti biyu ne ya ɗauka ya ruga ciki. A nan in baka fita ba babu ko sisi, ga haya ga bil ɗin gas da ke ninkuwa lokacin sanyi, to in aka haɗa masa da matsin gida sai ya yi kasadar da ɗan gari ba zai taɓa yi ba.

Babban abin da nake so a buga da manyan baƙi shine maganar gawayi. Mu mun taso in hunturu ya kama sai a hura gawayi a kasko a shigo dashi ɗaki, to a gida ko ba komai akwai kafar taga da ƙasan ƙofa da iska ke shiga, nan kuwa an gina gidajen ne a toshe ruf don kada ɗumi ya fita. Gawayi da janareta da risho da murhun gas duk suna fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, sai dai kaji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, barci ya ɗauke ka shikenan. A daren Asabar ɗin guguwar nan wuta ta ɗauke a layinmu, hita ta mutu tunda ko ta gas ce sai da lantarki take hurawa. Muka tattaru a ɗaki guda, muka rataya bargo a ƙofa, muka cusa tawul a ƙasan taga, yara a tsakiya kowa da hula da safa biyu, numfashi kana ganinsa yana fita fari a hasken tocila. Wani ƙaninmu ɗalibi da bai daɗe da zuwa ba ya sauka ƙasa sai gashi ya hawo da abin gashin nama da buhun gawayi, da zuciya ɗaya, yara yake tausayi. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muka ɗauko saboda ita kaɗai ce a gidanta ta miƙe ta tare ƙofa da sandarta, ta ce in wannan abin ya shigo to ita waje zata fita ta kwana. Bata ƙara ko kalma ba, ya mayar. Da babu ita a ɗakin Allah kaɗai ya san yadda za'a wayi gari, domin a wannan guguwar a garin Lockport an rasa mutum ta irin wannan gubar, dusa ce ta toshe bututun da hayaƙin hitar gidan ke fita ta waje. Don haka duk wanda ya kama haya ya zagaya ya ga inda bututun nan yake, ya riƙa share bakinsa. Janareta kuwa a waje, nesa da gida kamar mita shida, ba a gareji ba. Tun 2010 dokar jihar Niyok ta wajabta saka na'urar da ke ƙara in gubar nan ta taru a gida, in ka shiga babu ka tambayi mai gidan, haƙƙinka ne, kuma kar ka cire mata batir don ta dame ka da ƙara.

Ƙaramar hitar lantarki ma da muke so sosai tana da nata. Ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin Niyok ta dalilin irin wannan hitar, mutum 17 suka rasu takwas yara ne, akasarinsu musulmi 'yan asalin Gambiya, mutanenmu ne na Afirka ta Yamma. A jona ta kai tsaye a soket ɗin bango banda ekstenshan, a bar tazarar mita guda tsakaninta da katifa da labule, kar a shanya mata wanki, in za'a kwanta a kashe.

Sai maganar ma'auni, wannan ƙaramin abu ne amma yana ruɗa baƙi ƙwarai. Amurka da Farenhait suke awo, mu kuma Salsiyos muka sani. Yaro zai duba waya yaga 20 ya ce ai da sauƙi, alhali 20 ɗin nan wajen 7 ne ƙasa da sifili a namu lissafin, 32 ɗinsu shine sifilinmu inda ruwa ke daskarewa. Kuma a riƙa duba lamba ta biyu wadda ke nuna yadda jiki zai ji in an haɗa da iska, idan ta kai 28 ƙasa da sifili a Salsiyos cikin rabin awa fatar da ke buɗe zata iya daskarewa, kunne da hanci da yatsu su ake fara rasawa. Hotunan da ke takardun asibiti akasari na farar fata ne, ana cewa wurin zai yi ja, mu a jikinmu toka-toka yake yi ya yi tauri ka daina jinsa. In haka ta faru kar a murza, kar a kanga a wuta, ruwa mai ɗumi-ɗumi za'a sa a nufi asibiti. Wanda kuma ya fara magana a harɗe yana layi yana neman kwanciya bayan ya sha sanyi, wannan ba gajiya bace, a kira taimako nan take. Sutura kuma hawa-hawa ake sawa, ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba domin auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa, sai suwaita, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Takalmi but mai ƙasan roba mai kaushi, safar hannu, hula mai rufe kunne. Ranar Juma'a ba wanda ya hana ka kaftaninka da hular zanna, amma ka sa dogon wando na ciki ka ɗora babbar rigar a sama.

Kwasar ƙanƙara aiki ne na kullum, gaban gidanka kai zaka share, in ba haka ba tara ce, kuma wani zai iya zamewa ya karye. Wanda ya taɓa aikin gini ya san nauyin jiƙaƙƙen yashi a shebur, to haka jiƙaƙƙiyar dusa take, ga sanyi ya matse jijiyoyin jini, shi yasa duk shekara ake samun magidanta sun faɗi da shebur a hannu. Mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya manyanta ya ba yara 'yan daloli su yi masa, ba abin kunya bane. A tura ta gefe maimakon ɗagawa, a yi kaɗan-kaɗan tun tana zuba, a watsa gishiri a matakala. Mota kuma kar tanki ya sauka ƙasa da rabi, a ajiye bargo da ƙaramin shebur da ruwa da dabino da cajar waya a but. In ka maƙale ka zauna cikin motarka kar ka ce zaka taka, ka fita ka share bakin salansa, ka kunna inji kamar minti goma duk awa ka ɗan sauke gilas.

Ta ɓangaren ibada ma akwai abin faɗa. A Disamba kafin biyar na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a wajen aiki suke riskarka, duhun nan mai tsawo yana sa mutum ƙunci musamman matan da aka kawo aure suna zaune a ɗaki su kaɗai da jarirai, miji ya fita tun duhu ya dawo cikin duhu. A riƙa leƙa su, a riƙa kiran waya, kuma likitoci a nan suna yawan samun ƙarancin bitamin D a jikin masu baƙar fata saboda rashin rana, in an je asibiti a nemi gwaji. Sannan masu dagewa sai sun tuƙa zuwa masallaci ana guguwa, ga hadisin Ibn Umar nan a Buhari da Muslim, a daren sanyi ko ruwa Manzon Allah (SAW) yakan umarci ladan ya ce ku yi salla a gidajenku. Addini ya riga ya bada sauƙi. Hukuncin shafa a kan huffi ma kowa ya zauna da malaminsa ya koya kafin ya taho, zai buƙace shi.

Abu na ƙarshe da ke cutar da mu shine kunya. Bahaushe baya so a ce ya nemi taimako, sai ya zauna a gida mai sanyi da yara yana rage hita don tsoron bil. Akwai shirin gwamnati mai suna HEAP da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin ɗumama gida, wanda takardunsa suka cancanta ya nema. Akwai lambar 211 da zaka kira a gaya maka inda ake raba rigunan sanyi da abinci, in sanyi ya tsananta ana buɗe wuraren kwana masu ɗumi da suke kira Code Blue, makarantu da masallatai da coci-coci suna tara riguna kyauta. Matambayi baya ɓata. Mu kuma da muka riga zuwa mu daina jira sai baƙo ya tambaya, domin ba zai tambaya ba, ranar da ka ɗauko shi daga filin jirgi ka kai shi shagon gwanjo ka zaɓa masa but da riga, ka nuna masa bututun hita, ka sa masa gargaɗin yanayi a waya.

Malam Edita roƙona shine ku ware shafi guda kan wannan magana, sau biyu a shekara, wajen watan Agusta da kuma Disamba lokacin da ɗalibai ke shirin tafiya. Ku nemi mutanenmu da ke Kanada da Rasha da Finlan da arewacin Sin su ma su rubuto nasu, domin sanyin Winnipeg ko Mosko ya fi namu tsanani kuma dokokinsu daban ne, abinda na faɗa na Buffalo ne. Iyaye kuma in ana lissafin kuɗin jirgi da na makaranta a sa kuɗin riga da takalmin sanyi a ciki, a ba yaro a hannunsa ya saya in ya sauka, na can ne aka yi don sanyin can.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani ɗan Kano mazaunin Buffalo, jihar Niyok, Amurka