Wa ke zana fuskokin da muke turawa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan emoji, ƙananan hotunan nan da muke turawa dare da rana kamar daga sama suka faɗo. Mutane ne suka zauna suka zana su. A 1999 Shigetaka Kurita ya zana guda 176 wa kamfanin NTT DoCoMo na Japan, kowanne ɗigo 12 a tsaye, 12 a kwance.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda mai zane ke juya maganar mutum. A 2016 Apple ya mayar da hoton bindiga ya zama bindigar ruwa ta wasan yara, koriya shar. A lokacin sai ka tura daga iPhone cikin raha, abokinka mai Android ya ga bindigar gaske. Sai a 2018 Google da Samsung suka bi sahu.

Amma jama'a ma suna tanƙwara masu zanen. An ƙara launukan fata biyar a 2015, mace mai hijabi kuma ta shigo a 2017 bayan wata yarinya 'yar Saudiyya ta kai buƙatar gaban Unicode, ƙungiyar da ke amincewa da sababbin emoji. Tafukan nan biyu da aka haɗa kuwa, har yau ana musu: addu'a ce ko godiya?

Naka,
Wani mai karatu