Wasiƙa daga Sakkwato zuwa ga Injiniya Bello

Aminina Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin Jamus? Mu nan bazara ta kankama, da rana ko ƙyauren ƙarfe ba ya taɓuwa.

Na ga hoton na'urar ban-ruwan da kake haɗawa, wadda ka ce da waya za a riƙa sarrafa ta. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Amma bari ka ji kunyar da na sha bara. Wata huɗu na yi ina ƙera wata 'yar na'ura mai auna damshin ƙasa ta turo saƙo a waya. Na kai ta fadamar Kwalkwalawa wurin wani dattijo mai noman albasa, ina ta zuba bayani kamar rediyo. Sai da na gama tsaf, ya tsuguna ya luma yatsa a ƙasa, ya ce, "Ɗana, wanga aiki kyauta yatsana ka yi mani shi. In kana da dabara, hana albasata ruɓewa cikin rudu." Rudu dai shi ne rumbun da suke ajiye albasa a ciki. Wallahi ban taɓa tambayar sa abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ba. Na'urar ce ta burge ni, na fita neman wanda zan ɗora wa.

Tun ranar, madatsar ruwan Bakolori da ke kan kogin Sakkwato take faɗo mini a rai. An gama madatsar a 1978, wani kamfanin Italiya ya gina ta, har da bututun feshin ruwa masu buƙatar lantarki. Gini ne na gani na faɗa. Amma manoman da ke ƙasa da ita sun rasa ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace shekara, shinkafa da kifi suka ja baya. Waɗanda aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka.

To, taka na'urar in ta tsaya a Wurno ana tsakiyar rani, wa zai gyara? Injin fetur dai kowane bakanike ya san cikinsa.

In ka zo Sallah zan kai ka wurin dattijon nan, ka zauna ka ji daga bakinsa. Ka gaida mini uwargida da yara. Hajiya tana tambayar ka.

Naka,
Aminu